Gidan Cadbury, Asalin Cakulan da Gumin Manoman Koko

Hajiya Mai Kanti: Assalamu alaikum jama'a. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da kayan shayi da alewar yara, kuma babu ranar Allah da ba na miƙa wa wani gwangwanin Bournvita ko ƙullin TomTom, amma sai shekaranjiya, da jikata ta tambaye ni ko Cadbury sunan gari ne ko na mutum, na gane cewa ban san asalin abin da nake ci da shi ba. Na ce mata sunan kamfani ne, ta ce to wa ya raɗa masa, sai na yi shiru. Ina roƙon masu ilimin cikinmu su warware mana tarihin wannan gida, su kuma faɗa mana inda cakulan ɗin kansa ya samo asali, domin ni dai tun ina yarinya na ɗauka abincin Turawa ne tun fil azal.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Cadbury sunan zuriya ne, kuma wanda ya kafa harkar shi ne John Cadbury, wanda ya buɗe ɗan kanti a titin Bull da ke birnin Bamingham na Ingila a shekarar 1824, yana sayar da ganyen shayi da kofi da garin koko da yake dakawa da hannunsa a turmi. Amma kafin mu shiga gidansa ya kamata a gyara wancan zato, domin Turawa baƙi ne a wannan sha'ani. Itacen koko ɗan dazuzzukan Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma masu haƙar kufai sun sami burbushinsa a cikin tukwanen wasu mutane da suka zauna a ƙasar Ekwado ta yau kimanin shekaru 5,300 da suka wuce. Daga can ya yi arewa har ya kai ga al'ummar Maya, daga baya kuma Aztek na ƙasar Meziko, waɗanda suka ɗaukaka shi matuƙa.

Abin da suke sha bai yi kama da namu ba ko kaɗan. Suna soya 'ya'yan, su niƙa a dutse, su dama da ruwa, su zuba barkono, wani lokaci da garin masara, sannan su riƙa sheƙa shi daga wannan ƙwarya zuwa waccan har sai ya yi kumfa, kamar dai yadda mai shayi yake yi da kofunansa, kuma kumfar nan ita ce abin so a wurinsu. Babu sukari, babu madara, abu ne mai ɗaci da yaji na sarakuna da mayaƙa da manyan fatake. Bugu da ƙari, 'ya'yan koko su ne kuɗinsu, tamkar yadda kakanninmu suka yi ciniki da wuri. Akwai wata takardar farashi ta shekarar 1545 daga garin Tlaxcala da ta nuna cewa macen talo-talo ƙwaya 100 ce, babban tumatir kuwa ƙwaya ɗaya.

Ɗalibar Aikin Gona: Malam, a ba ni dama in sa baki ta fuskar shukar kanta, domin sunan yana rikita mutanenmu. Wannan koko ba shi da haɗi da kokon da muke sha da ƙosai, sunan ne kawai ya zo ɗaya, kuma nasa ya fito ne daga kalmar da mutanen Maya suke kiransa da ita, wato kakaw. Wanda yake ɗan'uwansa na haƙiƙa shi ne goro, domin masana tsirrai sun sa su a dangi ɗaya, kuma sinadaran da ke wartsake mai cin goro suna nan a cikin koko. Itacen yana son inuwa da laima da ruwan sama mai yawa, shi ya sa yake yi a kurmi ba ya yi a wajenmu, kuma kwafsarsa a jikin gindi da manyan rassa take fitowa, kowace ɗaya da ƙwaya talatin zuwa arba'in. Ɗanyar ƙwayar ba ta da ƙanshin cakulan sam. Sai an tara ta an lulluɓe da ganyen ayaba ta yi kwana biyar ko shida tana tsima, kusan yadda ake yi wa kalwa kafin ta zama daddawa, sannan a shanya a rana, kafin ƙanshin ya samu. Wannan mataki a gona ake yin sa, da hannun manomi, kuma idan ya ɓaci babu injin da zai gyara shi a Turai.

Malamin Tarihi: Madalla da wannan ƙari, 'yata. Turawan farko da suka ga 'ya'yan koko su ne mutanen Columbus a 1502, cikin wani kwalekwalen fatake kusa da gaɓar Honduras, kuma ba su san darajarsa ba. Sai bayan da Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya shiga Meziko a 1519 Sifaniyawa suka koyi shan sa, suka cire barkono suka sa sukari da kirfa. Ya daɗe yana abin shan fada da masu hannu da shuni; a Landan an buɗe gidan shan sa na farko a 1657. Matsalarsa ita ce maiƙo, domin fiye da rabin ƙwayar koko mai ne, yana taso wa a saman kofi yana ɗaure ciki. Wani Baholande mai suna Van Houten ne ya fito da injin matse man a 1828, kuma duk macen da ta taɓa yin ƙuli-ƙuli ta san dabarar: a matse mai gefe guda, tunkuza ta rage gefe guda. Tunkuzar ita ce ake niƙawa ta zama garin sha, man kuma da aka mayar da shi cikin niƙaƙƙen koko da sukari sai aka sami abin da ke daskarewa a ci da haƙori. Gidan Fry na Biristol ne ya fara sayar da irin wannan a 1847. Mai madara kuwa aikin mutanen Suwizalan ne, Daniel Peter a 1875, sannan Lindt ya ƙirƙiro injin da ke murza shi na tsawon sa'o'i har ya yi laushi a 1879.

Hajiya Mai Kanti: Ikon Allah, ashe abin da yara ke lasa ɗin nan bai cika shekara ɗari biyu ba. To shi mai kantin Bamingham fa, Malam, yaya aka yi ya tashi daga turmi ya kai ga masana'anta? Wannan ne ya fi damuna, domin ni ma kanti gare ni, kuma ina da 'ya'ya.

Malamin Tarihi: A nan addininsa ya shigo, Hajiya. John Cadbury ɗan wata ɗarikar Kirista ce da ake kira Kweka, mutanen da ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami, kuma a zamaninsa manyan jami'o'in Ingila ba sa ba su digiri, saboda haka da yawansu suka dogara ga kasuwanci, inda suka yi suna da faɗin farashi ɗaya da cika mudu. Shi kansa John mai yaƙi da shan giya ne, yana ganin koko a matsayin abin da zai raba talaka da mashaya. Ba shi kaɗai ba ne, domin gidan Fry da gidan Rowntree na garin Yok duk 'yan wannan ɗarika ne. Ya buɗe ƙaramar masana'anta a 1831, ya haɗa gwiwa da ɗan'uwansa Benjamin, har suka sami izinin kai wa Sarauniya Victoria kaya a 1854. Sai matarsa ta rasu a 1855, jikinsa ya yi sanyi, harka ta soma durƙushewa.

'Ya'yansa biyu, Richard da George, su suka karɓi ragamar a 1861, ɗaya yana da shekara 25 ɗaya 21, kuma gadon da suka tarar ya fi kama da bashi. Sun zuba ɗan abin da suka gada daga mahaifiyarsu, suka yi shekaru suna tsuke bakin aljihu, har zuwa 1866 da George ya tafi Holan ya sayo injin Van Houten. Kafin nan galibin masu sana'ar, har da su kansu, suna cakuɗa garin koko da sitacin dankali ko wani gari domin ya shanye maiƙon, wasu marasa tsoron Allah ma har jan garin bulo suke sawa domin launi. Da injin ya zo sai suka fitar da gari zalla marar algus, suka gina tallarsu kacokan a kan wannan tsarki, kuma shi ne ya ceci gidan. A 1879 suka kwashe masana'antar daga hayaƙin birni zuwa wani fili mai tazarar mil huɗu, suka sa masa suna Bournville, inda daga baya George ya sayi eka 120 ya gina wa ma'aikata gidaje masu lambu, da makarantu da filayen wasa, ya kuma hana buɗe mashaya. A 1900 ya fitar da ƙauyen daga dukiyarsa ya mayar da shi hannun amintattu, abin da mu za mu kira waƙafi. Sunan Bournvita ma daga sunan wannan wuri aka ciro shi.

Akawu Mai Ritaya: Malam, da girmamawa, labarin ya yi daɗin ji da yawa, kuma ni aikin lissafi ya koya mini cewa idan shafi ɗaya ya yi kyau ƙwarai a duba na bayansa. Waɗannan gidaje masu lambu da kuɗin wane koko aka gina su? A farkon ƙarni na 20 kusan rabin kokon da gidan Cadbury ke saye daga tsibiran Sao Tome da Principe yake zuwa, waɗanda ke ƙarƙashin Fotugal, kuma masu aikin gonakin mutane ne da ake kamowa daga cikin ƙasar Angola, a tafi da su gaɓar teku a ɗaure, a sa musu hannu a takardar ƙwadago ta shekara biyar wadda ba su san abin da ke cikinta ba, kuma ba a mayar da su gida. William Cadbury, ɗan Richard, ya sami labari tun 1901, har ya ga takardar sayar da wata gona inda aka jera leburori 200 cikin kadarori tare da dabbobi da kayan aiki. Amma ba su daina saye ba sai a watan Maris na 1909. Shekara takwas ke nan, jama'a. Mutumin da ya hana giya a ƙauyensa saboda tausayin talaka ya yi shekara takwas yana sayen gumin bayi.

Malamin Tarihi: Gaskiya ka faɗa, Alhaji, kuma ban yi niyyar tsallake wannan ba. Sai dai adalci ya sa a ambaci abin da suka yi a cikin shekarun nan takwas. William ya je Lisbon, babban birnin Fotugal, da kansa ya tunkari masu gonakin, suka musanta, suka ce ya aika a gani. Gidan Cadbury da wasu kamfanonin cakulan suka ɗauki nauyin wani mai suna Joseph Burtt, ya koyi harshen Fotugal, ya yi kusan shekara biyu yana zagaya tsibiran da Angola daga 1905, ya dawo da rahoton da ya tabbatar da cewa bauta ce. Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya kuma ta nemi su jinkirta domin a bi ta hanyar diflomasiyya. Hujjarsu ita ce, muddin suna saye suna da bakin magana, idan kuwa suka janye wasu za su saye kokon ba tare da sun tambayi komai ba.

Akawu Mai Ritaya: Wannan hujja na san ta, Malam, kuma kowane mai sayen kayan sata yana iya kawo irinta. Abin da nake so a lura da shi shi ne lokacin da suka janye. Ba su janye ba sai da suka tabbatar da wata kasuwar a Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda koko ya soma yawaita. Mutanen zamaninsu ma sun lura. Jaridar Standard ta Landan ta caccake su a 1908, ganin cewa George Cadbury ne mai jaridar Daily News da ke ta la'antar yadda ake bautar da leburorin Sin a ma'adinan Afirka ta Kudu. Suka kai ƙarar ɓata suna, aka yi shari'a a Bamingham a ƙarshen 1909, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce an ɓata musu suna, amma diyyar da suka yanka musu ita ce rubu'in kwabo ɗaya. Ni a ganina babu hukuncin da ya fi wannan faɗin gaskiya: ba a ce ƙarya suke yi ba, ba a kuma ce sun fita ba.

Baba Ɗan Zango: Salamu alaikum. Ni a Kumasi aka haife ni, kakana fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Hausa, saboda haka da aka ambaci Gwalkwas sai na ga ya kamata in yi magana. Abin da ya bambanta kokon Gana da na Sao Tome shi ne, a nan ba Turawa ne suka kafa gandu ba, manoma ne 'yan ƙasa suka shuka a filayensu. Kowane yaron makaranta a nan ya san sunan Tetteh Quarshie, maƙerin da ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a 1879 a Mampong ta ƙasar Akuapem, ko da yake 'yan mishan na Basel sun gwada kafin shi. Zuwa 1911 ƙasar nan ta zarce kowace ƙasa a duniya wajen fitar da koko. To amma su wa suka yi sassabe da ɗaukar buhuna? Da yawansu mutanen arewa ne, daga arewacin Gana da ƙasar Mosi da sauran wurare, kuma zangunanmu sun cika da su. Akwai tsarin da ake kira abusa, inda mai kula da gona yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin, mai gona ya ɗauki biyu, kuma har gobe ana yin sa.

Ina so kuma Alhaji Akawu ya ƙara wannan a lissafinsa. A kakar 1937 zuwa 1938 manyan kamfanonin Turawa masu sayen koko sun haɗa baki a kan farashi, manoman Gwalkwas suka ƙi sayarwa na tsawon watanni, suka kuma ƙaurace wa kayan kantunan Turawa, har sai da gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin bincike. Dattawan da na tarar suna ba da labarin wannan shekara kamar labarin yaƙi. Kuma mafi yawansu sun mutu ba su taɓa ɗanɗana cakulan ba.

Ɗalibar Aikin Gona: Baba, abin da ka faɗa na ƙarshe bai canza sosai ba. Kwaddibuwa da Gana su biyu suna noma kimanin rabin kokon duniya, Najeriya da Kamaru ma suna cikin manyan masu nomansa, amma ribar tana wajen masu sarrafawa da masu talla. A Najeriya dai an ga amfaninsa a wani zamani, domin kuɗin koko na daga cikin abin da ya ɗauki nauyin karatun firamare kyauta a Jihar Yamma daga 1955, kuma dogon benen nan na Badun da aka gama a 1965 sunan koko aka sa masa. A shekarar ce kuma aka yi wa kamfanin Cadbury na Najeriya rajista, masana'antarsa tana Ikeja. A 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda cututtukan itace da rikicewar damina, amma manomin Gana da na Kwaddibuwa bai ga wannan tashi nan take ba, domin hukuma ce ke yanka masa farashi tun farkon kaka.

Hajiya Mai Kanti: Na gode muku duka, kuma na ji ɗacin zancen kamar yadda na ji zaƙinsa. Amma har yanzu ba a amsa mini abin da na fi so ba. Jikokin wannan mutum suna nan a kan dukiyarsu, ko kuwa abin da muka saba gani ne, mai gida ya rasu a raba kanti kowa ya kama gabansa?

Malamin Tarihi: Ba ɗaya daga cikin biyun ba ne, Hajiya. Ba su yi rabon gado irin na watsewa ba, domin bayan rasuwar Richard a birnin Ƙudus a 1899 sun mayar da harkar kamfani mai hannun jari a tsakanin 'yan gida, 'ya'yan Richard da na George suka zama daraktoci, kowa da sashen da yake kula da shi. Ɗaya daga cikinsu ne ya jagoranci fito da cakulan mai madara na Dairy Milk a 1905, wanda har yau shi ne ƙashin bayan cinikinsu. Sun haɗe da gidan Fry a 1919. Abin da ya raba su da dukiyar a hankali ya zo: zuriya ta yi yawa, wasu suna son kuɗinsu a hannu, wani kaso mai yawa ya tafi ayyukan jinƙai, kamfani kuma yana neman jarin faɗaɗawa. A 1962 aka sa hannun jarinsa a kasuwa, a 1969 ya haɗe da Schweppes mai lemon kwalba. Duk da haka 'yan gidan sun ci gaba da shugabanci, Adrian Cadbury daga 1965 zuwa 1989, ƙanensa Dominic kuma ya sauka a 2000, amma a lokacin suna ne ya rage musu, ba rinjayen jari ba. Da kamfanin Kraft na Amurka ya zo da tayin fam biliyan 11.5 a 2010, 'yan gidan sun yi ta nuna baƙin cikinsu a jaridu, sai dai ba su da ƙuri'ar da za ta hana. Yau sunan yana hannun kamfanin Mondelez, wanda ya fito daga tsagewar Kraft a 2012.

Akawu Mai Ritaya: A nan kam zan sassauta wa gidan, Malam, domin wanda ya zo bayansu ya nuna bambanci. Lokacin cinikin, Kraft ya ce yana sa ran barin masana'antar Somerdale da ke kusa da Biristol a buɗe, wadda tsoffin shugabannin suka riga suka shirya rufewa, amma kimanin mako guda bayan an gama ciniki ya ce ba zai yiwu ba, aka mayar da aikin ƙasar Folan. Ga Hajiya kuma, tunda tambayarta ta mai kanti ce, ta dubi gidan Mars na Amurka, wanda ya fara dafa alewa a ɗakin girki a 1911, da gidan Ferrero na Italiya mai Nutella. Su biyun har yau a hannun zuriya suke, kuma abin da suka yi tarayya a kai shi ne ba su taɓa kai hannun jarinsu kasuwa ba. Sai dai kada a ɗauka riƙon gida shi ne tsarki, domin su ma daga gonakin Afirka ta Yamma suke saye, kuma batun sa yara aikin ƙarfi a gonakin koko, wanda manyan kamfanonin suka yi alkawarin magancewa tun 2001, bai ƙare ba.

Baba Ɗan Zango: Alhaji, a kan batun yara ina so a yi hattara da kuɗin goro. Akwai yaron da ke bin mahaifinsa gona ranar da babu makaranta yana tsince kwafsa, kamar yadda yaranmu ke bin iyayensu roron gyaɗa, akwai kuma wanda aka raba da iyayensa aka ba shi adda da tankin feshi. Wanda ke zaune a Turai yakan haɗa su wuri ɗaya, mu kuwa da ke kusa mun san na biyun ne abin kuka, kuma abin da ke jawo shi shi ne mai gona ba ya samun abin biyan babban lebura. Wani maƙwabcina da ke abusa a wajen Sefwi ya dawo bana da buhu tara, uku ne nasa, kuma a cikin ukun zai biya bashin maganin feshi da kuɗin motar dawowa.

Hajiya Mai Kanti: Allah ya saka da alheri, Baba. Zan karanta wa jikata abin da Malam ya rubuta a kan mutanen Maya da kumfarsu, sauran kuma sai ta ƙara girma. Amma ƙauyen nan na Bournville, shi ma Amurkawan sun saye shi?

Malamin Tarihi: A'a, Hajiya, wannan bai shiga ciniki ba, domin tun 1900 ya fita daga dukiyar kamfani, kuma amintattun suna nan suna kula da gidajen, da 'yan zuriyar a cikinsu. Masana'antar ma tana aiki a wurin. Abin da ya tafi daga baya shi ne izinin fada da John ya samu a 1854, domin da aka fitar da sabon jerin masu kai wa Sarki Charles kaya a watan Disamba na 2024, babu sunan Cadbury a ciki.